Takarda Ba Ta San Ɗan Wane Ba

Masu iya magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, sai dai akwai mai hanji lafiyayye, akwai kuma wanda nasa ya murɗe har ya hana shi barci. A garin Dogon Dutsi, gindin duwatsun nan da matafiyi ke hangowa tun bai shigo gari ba, akwai wani ɗan kasuwa da ya ɗanɗana iri biyun duka. Ba za a ambaci sunansa ba, domin mutum ne mai iyali da surukai. Ya isa a ce Alhaji, tunda haka yaro da babba ke kiransa. Labarinsa ya cancanci a ji shi, saboda abin da ya same shi yana iya samun duk mai riƙe da mabuɗin shago, da duk ma'aikacin da ke ɗaukar buhun shinkafa kafin ƙarshen wata.

Alhaji gadon kasuwanci ya yi. Mahaifinsa falken wake da gyaɗa ne, yana bin ƙauyukan Arewa yana awo, daga Matankari da Kiyeshe har Kore Mairuwa da Gesheme da Tibiri, sa'an nan ya ƙetare iyaka da kayan zuwa kasuwannin ƙasar Kabi da Sakkwato, ya komo da atamfa da kananzir da kayan masarufi. A zamaninsa lamuni ke tafiyar da ciniki. Maigidansa na Sakkwato kan danƙa masa kayan mota guda ba takarda ba shaida, sai dai a ce: «Allah ya kai mu bayan kasuwa biyu.» Ba wauta ba ce ta sa ake haka. Fatauci yana da nasa tsaro tun zamanin ayarin goro na Gwanja: baƙo ya sauka gidan fatoma, fatoma ya tsaya masa, kuma duk wanda ya ci amana labarinsa kan riga shi isa zango na gaba. Wani Bature masani, Abner Cohen, ya zauna unguwar Sabo ta Ibadan ya ga yadda ake sayar da shanu bashi bisa lamunin masu gida, har ya wallafa littafi a kai a 1969. Ashe tun ba a ƙera kwamfuta ba Bahaushe yana da ma'aunin amana, sai dai a bakin mutane yake ajiye.

Tsohon bai yarda da banki ba, kuma yana da hujja. A gabansa bankin raya ƙasa, BDRN, wanda aka kafa a 1961, ya durƙushe a 1990 saboda tarin basussukan da aka ci ba a biya ba, aka kafa Sonibank a madadinsa. A gabansa aka karya darajar sefa ranar 12 ga Janairu 1994, faran ɗaya na Faransa da ake samu da sefa 50 ya koma 100. A waɗannan shekaru ne kuma ma'aikatan gwamnati suka riƙa yin watanni ba albashi, shaguna suka zama uwa da uba ga malaman makaranta da na asibiti. Wasiyyar da ya bar wa ɗansa gajeruwa ce: ka riƙe sunanka, ka nisanci takarda. Alhaji ya riƙe rabin farko da hannu biyu, rabi na biyu kuwa zamani ya ƙwace masa.

Abin da bai lura ba shi ne, a lokacin da yake zaune bisa tabarma yana awon wake, an sake wa bashi tsari. A 2013 majalisar ministocin ƙasashe takwas masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma ta amince da doka guda a kan ofisoshin tattara bayanan bashi, waɗanda ake kira BIC a taƙaice. Nijar ta mayar da ita dokar ƙasa a ƙarshen 2014, kuma a Fabrairu 2016 kamfanin da babban banki BCEAO ya ba izini, Creditinfo VoLo mai mazauni a Abijan, ya soma aiki. Tun daga nan bankuna da manyan asusun ajiya da rance suke aika labarin masu cin bashinsu wuri guda: nawa aka ɗauka, yaushe ya kamata a biya, yaushe aka biya, kwana nawa aka makara, wa ya tsaya wa wa. Daga waɗannan bayanai ake fitar da rahoto, a kuma auna wa mutum maki, mai nuna ko ya cancanci a ranta masa. Ba a aika labarin mutum sai da yardarsa, amma yardar tana cikin takardun da ake sa wa hannu ranar karɓar kuɗi, ranar da ido ke kan damin takardun sefa.

A farkon 2019 Alhaji ya karɓi rancen miliyan 2 daga wani asusu, bisa sharaɗin biya wata-wata. Ya sayi wake ya cika ɗakin ajiya, da niyyar ya jira tsakiyar damina lokacin da tiya ke tsada. Farashi ya hau, dillalai suka zo, ya ce a ƙara haƙuri. Yana cikin jiran ƙari sai Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta, kuma ba ta soma buɗe su ba sai a Disamba 2020. Motoci suka tsaya, ƙwari suka shiga buhuna, kaka ta zo da sabon wake ta karya farashin tsoho.

Da a ce cinikin shago yana nan yadda ya zata, da ya iya riƙe biyan wata. To amma aljihun shago da na gida guda ne. Daga nan ake cefane, daga nan aka yi kayan ɗakin ɗiyarsa ta fari, daga nan ake fitar da gudummawar suna da biki da ta'aziyya, kuma daga nan duk wanda ya zo da gaisuwa mai daɗi yake ɗaukar sukari da mai «sai ƙarshen wata». Ranar biya ta zo, babu. Wata na biyu ma haka. A nan ne ya tafka kuskuren da ya fi rufe iyaka yi masa illa: kunya ta hana shi zuwa ya faɗi halin da yake ciki. In ya hango babur ɗin ma'aikacin asusu sai ya zame ta ƙofar baya, ya bar yaron shago da cewa Alhaji ya tafi ƙauye. Wata huɗu ana wannan ɓuya. Daga baya ya sayar da wani fili da ya gada ya biya duka har da tara, ya yi alwala ya gode wa Allah, yana ganin zance ya ƙare.

A 2021, da hanya ta buɗe, ya shirya faɗaɗa harka: yana so ya gina babban ɗakin ajiya, ya kuma shiga cinikin dankalin turawa da manoman rani ke nomawa a fadamun Dutsi. Ya sa babbar riga ya hau mota zuwa Doso, ya shiga wani banki. Ma'aikacin da ya karɓe shi saurayi ne, sa'an ɗansa. Ya duba kwamfuta ya daɗe, sa'an nan ya ce cikin ladabi:

«Baba Alhaji, ka yi haƙuri, wannan karon ba za ta yiwu ba. Rahotonka ya nuna makarar wata huɗu a 2019. Akwai kuma wani rance da ka tsaya wa wani, har yanzu ba a ƙarasa biyansa ba.»

Sai a lokacin Alhaji ya tuna da ƙanensa, wanda ya sa wa hannu ya karɓi kuɗin babur na kabu-kabu, ya tafi cin rani bai waiwayo ba. Ransa ya ɓaci, ya ce:

«Yaro, ka je Dutsi ka tambayi ko ni ɗan wane ne. Mahaifina ya ɗauki kayan mota da baki kawai. Ni kuwa na biya ku har da tara.»

«Na yarda, Baba, kuma ban raina gidanku ba. Amma takarda ba ta san ɗan wane ba. Kwanaki kawai ta sani.»

Wannan magana ita ya yi ta juyawa a mota har gida. Da farko cin fuska ya ɗauke ta. Bayan kwana biyu ya ga ashe ba baƙuwar magana ba ce. Maigidan mahaifinsa na Sakkwato ma ba don kyan fuska yake ba da kaya ba, sai don shekara ashirin tsohon bai taɓa saɓa rana ba. Sunan da Alhaji yake taƙama da shi kwanaki ne aka tara ɗaya bayan ɗaya, kuma wani ne ya tara su. Shi ci kawai yake yi daga rumbun da bai zuba wa ko dami ɗaya ba.

Gyaran da ya soma ba shi da wani abin mamaki, wahalarsa a jurewa take. Abu na farko, ya biya ragowar bashin ƙanensa daga aljihunsa, yana cije haƙora, tunda kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Daga ranar ya ɗau alkawari ba zai ƙara tsaya wa kowa ba sai a kan adadin da zai iya biya shi kansa ba tare da shago ya girgiza ba.

Na biyu, ya raba aljihu. Ya yanka wa kansa albashi kamar ma'aikaci, ya ce da shi za a yi cefane da zumunci, abin da ya rage kuwa na shago ne, ba mai taɓa shi ko da shi mai shagon ne. Wannan ne ya fi ciwo, domin a ƙasar Hausa mai hannu da shuni da ya soma ƙirga kyauta sunansa marowaci. An yi gunaguni a dangi. Wani ƙanen mahaifinsa ya yi wata biyu bai amsa gaisuwarsa da kyau ba. Mai goya masa baya ta fito daga inda bai zata ba, wato uwargidansa. Ita ta daɗe cikin ƙungiyar Mata Masu Dubara, tsarin asusun mata da ƙungiyar CARE ta soma a yankin Maraɗi a 1991, wanda ya bazu ƙasa duka har ya ƙetare zuwa wasu ƙasashe. Ta ce masa:

«Alhaji, abin da kake kira sabon ilimi mu mun daɗe muna yi ƙarƙashin bishiya. Kowane mako kowa ta zuba nata, wadda ta ranta ta san ranar mayarwa, wadda ta makara ta biya tara ko da ɗiyar sarki ce. Kuma ba mu taɓa ɓuya wa juna ba.»

Na uku, ya sayi kaye da bik ya miƙa wa ɗiyarsa ta biyu, wadda ke koleji. Kowace yamma bayan la'asar takan zauna bakin shago ta rubuta abin da ya shigo, abin da ya fita, da abin da aka ɗauka bashi, kowa da shafinsa. Da suka haɗa lissafin watan farko ta ɗago kai ta ce: «Baba, kusan sulusin jarinka yana cikin tukwanen mutane.» Ya yi shiru. Wasu basussukan sun shekara biyu, wasu masu su sun sami canjin wurin aiki sun bar gari, wasu kuwa shi kansa ya manta adadinsu. Da ya kai kukansa ga limamin unguwa, yana cewa rubuta wa maƙwabci bashi kamar rashin yarda ne, malamin ya tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ajalinsa take. Daga nan kunyar kaye ta fita daga ransa.

Bai rufe ƙofar bashi ba, domin shagon da ba ya ba da bashi a garin ma'aikata da manoma ba zai daɗe ba. Iyaka ya sa. Kowane ma'aikaci yana da adadin da ba ya wucewa, kuma ba a buɗe sabon shafi sai an rufe tsoho. Wani malamin makaranta, abokin cinikinsa na shekaru, ya ji haushi da farko, daga baya ya dawo yana godiya. Ya ce dā albashinsa kan ƙare tun bai iso hannunsa ba: banki ya cire nasa, shago uku suna jira, mai nama yana jira, sai ya ranto daga wannan ya toshe bakin wancan. Shi ma ashe yana da rahoto a wancan ofishi, tunda ta banki albashinsa ke biyowa kuma a can ya karɓi rancen gina gida. Iyakar da Alhaji ya sa masa ita ta tilasta shi ya zauna ya ƙirga nasa.

Na huɗu, ya koma wurin asusun nan da ya yi wa ɓuya, da ƙafarsa, ya nemi gafara, ya roƙi ƙaramin rance na jika 200 wanda ba ya ma matuƙar bukata. Abokansa suka yi dariya, suna cewa mai neman miliyoyi ya koma cin bashin ƴan tireda. Shi kuwa ya gane cewa tabon da ke cikin rahoto ba ya gogewa da rantsuwa ko da aiken manya, sai dai a binne shi da sababbin kwanaki masu kyau. Ya sami gwangwani yana jefa kason biya kowace rana kamar zubin adashe, ranar biya kuwa yakan riga ta da kwana biyu ko uku, ya karɓi resi ya ba ɗiyarsa ta liƙa a kaye. Da ya gama ya ɗauki na jika 500, ya bi da shi haka nan. Bai taɓa haɗa rance biyu a lokaci guda ba.

Sauran ƙananan abubuwa ne da dā yake rainawa. Ya riƙa zuba cinikin mako a asusun ajiyarsa maimakon ƙarƙashin katifa, domin mai ba da rance ya ga shigar kuɗi da fitarsu da idonsa. Ya yi rajistar kasuwanci ya karɓi lambar biyan lanho. Ya daina barin takardar wuta da ta ruwa su taru, tun da ya ji cewa bayanan irin waɗannan kamfanoni ma sun soma shiga rahoton. Ya koyi tambayar jimillar abin da zai mayar kafin ya sa hannu, ya kuma san cewa doka ta yi wa ruwan bashi rufi: a 2014 an tsayar da shi kashi 15 cikin ɗari a shekara ga bankuna, 24 ga asusun ƙananan rance. Ya kai zancen ruwa gaban malamai, ya binciki tsarin da ake saya wa mutum kaya a sayar masa da riba sananniya, irin wanda bankin Musulunci ke yi. Ya kuma san yana da haƙƙin neman ganin rahotonsa, in ya ga kuskure ya nemi a gyara. Waken ajiya kuwa ya koma zuba shi cikin buhunan nan masu leda biyu a ciki, waɗanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba, kuma ya daina jiran farashin ƙarshe: in riba ta kai abin da ya ƙudura, sai ya sayar da rabi.

Ranar gwaji ta zo a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka sake rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki, bankuna suka taƙaita abin da mutum zai iya cira. Kaya suka yi tsada, ciniki ya ja baya, ga shi yana tsakiyar biyan rance na uku. Halin 2019 ne ya dawo, har ya fi. Amma wannan karon kaye ya nuna masa tun da sauran kwana goma cewa kuɗin wata ba za su cika ba. Bai jira babur ya zo ba. Ya ɗauki kaye ya tafi da kansa, ya buɗe shi gaban shugaban asusu ya ce: ga abin da ke hannuna, ga abin da nake bi, ga abin da zan iya kawowa kowane wata har hanya ta buɗe. Ya sayar da sa guda da yake kiwo ya cika biyan watan, sauran kuma aka sake tsara masa su bisa yarjejeniya a rubuce. Har aka ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024 bai saɓa rana ɗaya daga sabon alkawarin ba.

Da kakar 2024 ya koma Doso. Saurayin nan yana nan, ya duba kwamfuta, wannan karon bai daɗe ba. Tsohuwar makarar ba ta ɓace ba, amma shekara uku na biya a kan kari sun taru a kanta, ga kaye, ga takardun rajista, ga motsin asusu. Aka amince masa. Abin da ya ba ma'aikacin mamaki shi ne, Alhaji ya karɓi ƙasa da abin da aka yi masa tayi. Ya ce ɗiyarsa ta yi lissafi, abin da shago zai iya ɗauka ke nan ko da an sake rufe iyaka.

Ba za a ce takardar nan ba ta da aibi ba. Ba ta san fari ba, ba ta san ciwo ba, ba ta san cewa talakan Dogon Kiriya ko na Dumega ba shi ya rufe iyaka ba. Dubban masu gaskiya da ke cinikinsu da baki, ba su taɓa shiga banki ba, a wurinta kamar babu su. Waɗannan abubuwa ne da ya kamata hukuma da masu ba da rance su duba. Amma rashin sanin ɗan wane da Alhaji ya ɗauka zagi, shi ne kuma adalcinta. Inda aka ba da rance don fuska da dangantaka an ga yadda BDRN ya ƙare. Ma'aunin da ke ƙirga kwanaki kuwa ɗan talaka mai cika alkawari yana iya cika shi, ɗan babban gida mai saɓawa ya kasa.

Yanzu in matasan ƴan kasuwa suka zauna bakin shagonsa suna tambayar yadda ake samun rance, ba ya nuna musu ƙofar wani babba. Yakan nuna musu kaye da gwangwani, ya ce alkawari kaya ne, kowa ya ɗauki daidai wuyansa, in kuma ya ji zai faɗi ya yi magana tun kayan ba su taɓa ƙasa ba. Yakan ƙara da cewa wasiyyar mahaifinsa ba ta tashi ba, fassara ce ta sake: a wannan zamani, mai son riƙe sunansa sai ya riƙe takardarsa. Allah ya raba mu da bashin da ke hana barci, ya sa albarka cikin nema.